Tsohuwar mota, sabuwar taya: tarihin da ke rubuce a gefen roba

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun fi kowa yarda da wannan magana, domin a wurinsu darajar mota tana ƙaruwa ne gwargwadon abin da ya saura a jikinta na asali: fentin da ta fito da shi daga masana'anta, kujerunta, sitiyarinta, har ƴan ƙusoshin da ke riƙe da lambarta. Sai dai akwai abu guda da karin maganar bai shafa ba, shi ne taya. Inji yana iya shekara sittin yana aiki muddin ana kula da shi. Ƙarfe in ya yi tsatsa a kankare a shafa fenti. Amma roba tana tsufa ko an hau ta ko ba a hau ta ba, kuma tsufanta ba shi da gyara. Saboda haka duk wanda ya gaji Peugeot 404 daga mahaifinsa a Damagaram, ko ya tsinci 504 a wani kango a Maraɗi ya ƙudura niyyar tayar da ita, dole wata rana ya tsaya gaban mai sayar da taya da tambayar da ta fi ƙarfinsu su biyun: wace taya ce ta dace da motar da aka zana tun kafin a haife su?

Amsar tana cikin tarihi. Lambobi da haruffan da ke gefen kowace taya rubutu ne da aka yi shekara fiye da ɗari ana ƙara masa layi, kowane zamani da nasa ma'auni. Wanda bai iya karanta shi ba yana iya sayen tayar da za ta shiga ƙafar motarsa lafiya lau, amma ta sauya mata tafiya, ta rage mata ƙarfin ɗaukar kaya, wani lokaci ma ta kifar da ita da mutanen da ke ciki.

Taya saƙa ce kafin ta zama roba

Da yawa sun ɗauka taya dunƙulen roba ce kawai, alhali kuwa abin da ke riƙe iska, ya ɗauki nauyin mota, zare ne da aka jera shimfiɗa bisa shimfiɗa. Roba tufa ce da aka lulluɓe shi da ita don ta kare shi, ta kuma kama ƙasa. A 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a Amurka, dabarar da ta hana ta narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. Shekara guda bayan haka Robert William Thomson ya yi rajistar tayar iska a Ingila, amma zamaninsa na keken doki ne, sai aka manta da ita. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfast, ya sake gano ta saboda keken ɗansa. A 1891 wa da ƙane, André da Édouard Michelin na Clermont-Ferrand, suka fito da tayar keke wadda ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, sannan a 1895 suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa da mota mai tayoyin iska. Sun sha faci a hanya, sun iso a makare, amma sun iso. Tayoyin wancan lokaci ma ba baƙaƙe ba ne, fari-fari ne ko ruwan toka. Baƙin ya zo ne wajen shekarun 1910, sa'ad da aka fara cuɗa roba da wani baƙin gari ɗan'uwan kunkunniya, wanda ya ninka mata ƙarko.

Duk da haka, har cikin shekarun 1920 ba a amince wa taya ta ratsa rairayi ba. Ayarin motocin Citroën guda takwas da ya taso daga Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924 ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, tayoyi a gaba kawai gare su. A baya wata doguwar ɗamarar roba ce ke juyawa irin ta tankar yaƙi, ƙirar injiniya Adolphe Kégresse.

Tun daga farkon ƙarni na ashirin har bayan yaƙin duniya na biyu, saƙa iri ɗaya ake yi wa taya. Ana shimfiɗa zare a karkace daga wannan baki zuwa wancan, a ɗora wata shimfiɗa tana karkata ta ɗaya ɓangaren, su gicciye juna kamar saƙar zana. Ita ce ƙirar da Faransawa ke kira diyagonal. Yawan shimfiɗu shi ne ƙarfin taya, huɗu ko shida ko takwas, kuma zaren na auduga ne kafin zaren masana'anta irin su nailan su karɓe shi. Daga nan aka gaji alamar 6 PR ko 8 PR da ake gani a tayoyin motocin kaya, ko da yake yau ba ta ƙirga shimfiɗu, ƙarfi kawai take kwatantawa. Raunin wannan saƙa shi ne, gefen taya da tafinta abu guda ne. Duk lokacin da gefe ya lanƙwasa, tafin da ke taɓa ƙasa ma sai ya murɗe, shimfiɗun na gogar juna kamar bakin almakashi, suna haifar da zafi. Zafi kuwa shi ne ajalin roba.

Wani ma'aikacin Michelin mai suna Marius Mignol ya so ya gano inda zafin nan ke fitowa. Sai ya ƙera tayar gwaji wadda gefenta ba shi da komai sai wayoyi jefi-jefi da suka miƙe sak daga baki zuwa baki, har aka laƙaba mata suna « kejin ƙuda ». Tayar ba ta tuƙuwa, sai lilo take yi, amma ba ta ɗaukar zafi. Da aka ɗaura mata ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin tafi, sai ta tsaya daram: gefe na lanƙwasawa yadda ya ga dama, tafi kuwa yana shimfiɗe bisa ƙasa. An yi rajistar wannan ƙira ranar 4 ga Yuni 1946, ta shiga kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. Tun a shekarun 1910 wasu sun yi rajistar irin wannan tunani a Ingila da Amurka, amma Michelin ne ya fara mai da shi hajar da ake saye a shago. Ita ce radiyal, kuma harafin R da ke gefen kusan kowace tayar mota a yau sunanta ne.

Radiyal ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ta fi kama hanya, ta rage shan mai. Amma aibinta bai ɓuya ba. A tafiyar sannu bisa hanya mai duwatsu tana isar da kowane ƙaramin bugu zuwa cikin mota. A kwana tana riƙe ƙasa har zuwa iyakarta, sa'an nan ta saki ba tare da dogon gargaɗi ba. Gefenta kuma siriri ne, dutse mai kaifi ko kututture na iya yaga shi. Wannan na ƙarshe ne ya sa direbobin Land Rover da na manyan motoci a hanyoyin daji suka daɗe suna riƙe da diyagonal irin 7.50-16, kuma ba jahilci ne ya sa su ba. Sauran matsalolin kuwa masu ƙera motoci ne suka magance su, ta hanyar sake fasalin ƙafafun mota da sifirin da robobin mahaɗa domin su dace da sabuwar taya. Lancia ta Italiya ta sa wa Aurelia radiyal tun daga masana'anta a farkon shekarun 1950. Citroën kuwa ba ta da zaɓi, tun da Michelin ne ya mallake ta daga 1935 har tsakiyar shekarun 1970. Motar DS da tayar XAS ta 1965, ta farko da zanen tafinta na ciki ya bambanta da na waje, kusan tare aka yi renonsu. Pirelli ya fito da tasa, Cinturato, mai ɗamarar zare maimakon ƙarfe. Amurka ce ta zo a baya: sai a 1970 Lincoln Continental Mark III ta zama motarsu ta farko da kowace ke fitowa da radiyal, kuma tsadar man fetur ta 1973 ce ta tura sauran.

Abin da wannan tarihi ke nufi ga mai tsohuwar mota shi ne, an zana kowace mota ne bisa tayar zamaninta. Motar da aka gina don diyagonal, in aka sa mata radiyal, za ta fi miƙewa a hanya, amma sitiyarinta zai yi nauyi wajen juyawa a tsaye, kuma tsofaffin ƙarafanta za su ɗauki wahalar da ba a lissafa musu ba. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan, kowane ɓangare da hujjarsa. Inda babu muhawara shi ne haɗa su: ba a sa radiyal a dama diyagonal a hagu, kuma ba a sa radiyal a gaba diyagonal a baya, domin gaba zai kama kwana, baya ya zame, mota ta juya da mai ita.

Zakin da ya sauka a Sahel

A Nijar, in an ce tsohuwar mota, zuciya Peugeot take fara tunawa, wato Fijo a bakin jama'a. An fito da 404 a 1960, shekarar samun ƴancin kai, da jikin da gidan Pininfarina na Italiya ya zana. Ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1975, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. Ƙanwarta 504 ta zo a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ita ma ta lashe Safari a 1975 da 1978. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta bar ƙera ƙaramar. Wasu sun shigo ta kudu ke nan, ta Jibiya da Maigatari da Illela. Wasu kuma ta arewa suka sauko: daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1990 samarin Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin 404 da 504 ta Tamanrasset da In Guezzam da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai su koma gida a jirgi, har rashin tsaro ya toshe hanyar.

Ana yaba wa waɗannan motoci da ƙarfin inji da sauƙin gyara, kuma yabon gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabon taya a cikin wannan suna. Dukansu biyu suna tafiya ne bisa taya siririya mai dogon gefe. Dogon gefen nan sifirin ne na biyu: shi ke fara shanye gargadar hanyar marmara kafin ta kai ga ƙarfe, shi ke ɗaga cikin mota daga tudun rairayi da ke tsakanin sawu biyu, kuma shi ke ba direba damar rage iska in ya shiga yashi, tafin taya ya ƙara tsawo ta hau bisa maimakon ta haƙa rami. Wanda ya cire wa 504 wannan gefe ya cire mata rabin abin da ya sa ta zama 504.

Lambar da ba a rubuta ba

Cikin takardar ƙaramar 404 an rubuta 165 x 380. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin ƙarfen da take zama a kansa, wanda makanikai ke kira janti. Milimita 380 a nan inci 15 ne da aka rubuta da ma'aunin Faransa, saboda haka tayar ita ce 165 R 15. Ƙaramar 504 kuwa 175 R 14 take sawa, doguwar mai ɗaukar iyali 185 R 14. A dukan waɗannan lambobi akwai wadda ba a rubuta ba, domin a wancan zamani kowa ya san ta: tsawon gefen taya kusan kashi 80 cikin 100 ne na faɗinta. Sai daga ƙarshen shekarun 1960, da aka fara gajarta gefe zuwa kashi 70, daga baya 65 da 60 har ƙasa da haka, aka ga ya wajaba a riƙa rubuta ta a tsakiya.

A nan ne akasarin masu saye ke faɗawa rami. Mutum ya je neman 175 R 14, mai shago ya miƙo masa 175/65 R 14, wadda ta cika kasuwa domin ƙananan motocin zamani da yawa ita suke sawa, ya ce ai duk ɗaya ne: ga 175, ga 14. Lissafi kuwa ya ce ba ɗaya ba ne. Gefen ta asali milimita 140 ne, tsayinta duka wajen 636. Gefen sabuwar bai kai 114 ba, tsayinta wajen 583. Bambancin ya haura santimita 5, wato cikin mota ya sauko ƙasa da fiye da santimita 2 da rabi, daidai inda tankin mai da bututun hayaƙi ke jiran dutse. Ta asali tana juyawa kimanin sau 500 a kowace kilomita, sabuwar kimanin 546. Daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kilomita wajen 900, ƙarin juyi dubu arba'in ke nan ga kowace ƙafa, inji na ihu a banza, mai na ƙonewa. Allurar gudu za ta nuna 100 alhali motar 92 take yi.

Wannan duka asarar kuɗi ce. Asarar rai tana cikin wata lamba ta daban, wadda ke biye da girman taya tare da harafi guda, kamar 88S ko 82T. Harafin iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, kuma ba shi ne damuwar tsohuwar Fijo ba. Lambar ita ce ma'aunin nauyi: 88 na nufin kilo 560 ga taya guda, 82 na nufin kilo 475. Tayar 175 R 14 yawanci 88 ce, ita kuwa 175/65 R 14 yawanci 82. Ƙafa huɗu, kilo 340 sun tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake loda 504 ranar kasuwa ya san abin da kilo 340 ke nufi, kuma tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta ba nan take take fashewa ba. Zafi take tarawa sannu a hankali, sai an yi nisa bisa kwalta da tsakar rana ta saki.

Akwai masu kuskure ta ɗaya gefen, su sa taya mai faɗi don mota ta yi kyan tsayuwa. Jantin tsohuwar mota siriri ne, ba ya zaunar da faffaɗar taya daidai. Sitiyarin 404 ƙarfin damtse ke juya shi, ba na'ura ba. Bugu da ƙari, tsohuwar mota tana kishingiɗa a kwana fiye da ta zamani, shi ya sa aka yi wa tayoyinta kafaɗa mai zagaye, don tafi ya ci gaba da taɓa ƙasa ko da ta karkata. Tayar zamani mai kafaɗa a miƙe, in mota ta karkata, sai ta hau kan gefe guda.

Kama da wane ba ta wane

Ba kowace lambar milimita ce ke da takwara a inci ba, kuma nan ne haɗarin ya fi muni. Citroën Traction Avant da DS ta farko suna sa 165 x 400, 2CV ta farko 125 x 400. Milimita 400 ba inci 16 ba ne, domin inci 16 milimita 406 ne da ɗoriya. Ido ba ya ganin bambancin milimita shida. Amma tayar inci 16 a kan jantin 400 ba ta kama baki, tana iya fita a kwana. Ta 400 kuma in aka tilasta ta bisa jantin inci 16, wayar bakinta na iya tsinkewa a lokacin da ake hura mata iska, a gaban fuskar mai faci.

Michelin ya sake maimaita wannan a 1975 da tayar TRX, wadda ya ƙera mata janti nata na kanta mai faɗin milimita 340, 365, 390 ko 415, da baki mai siffa dabam. An sa ta a wasu samfuran Peugeot 505 da 604, da Citroën CX, da BMW, har da Ferrari. Taya ce mai kyau, amma sauran duniya ba ta bi ba, sai ta zama harshen da mutanen gida ɗaya kaɗai ke ji. Mai motar da ke da jantin 390 hanya biyu ce gare shi: ko ya nemi TRX ta gaskiya, ko ya sauya jantin gaba ɗaya. Inci 15 milimita 381 ne, inci 16 kuma 406. Babu wadda ta dace.

Maganar robar ciki ma ta janti ce. Kamfanin BFGoodrich ya bayyana taya marar robar ciki a 1947, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 ta zama ruwan dare a sababbin motocin Amurka, amma Turai ta ɗauki lokaci. Jantin da aka yi don irinta yana da ɗan doro da ya zagaye shi ta ciki, wanda ke hana bakin taya zamewa in iska ta ragu. Yawancin jantin shekarun 1950 da 1960 ba su da doron nan, saboda haka suna buƙatar robar ciki. Ita kuwa tayar zamani ba a yi cikinta don ya zauna da roba ba: yana da ƴan layuka masu kaushi da ke gogar ta har ta huje, kuma masu ƙera taya ba su yarda a sa robar ciki a taya mai gajeren gefe ba. Mai faci yana iya haɗa su, su riƙe iska har mako da wata. Wannan ba shaida ba ce cewa sun dace.

Ranar haihuwa

Kowace taya da ranar haihuwarta a gefenta, a ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT. Tun daga shekara ta 2000 lambobi huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Kafin 2000 lambobi uku ne kawai, don haka duk tayar da ke da uku ta haura shekara ashirin, komai kyan zanenta. Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a kuma cire ta in ta kai goma ko da ba ta suɗe ba. Wasu masu ƙera motoci shida suka ce.

Dalili shi ne iskar da ke cikin taya da wadda ke wajenta suna cin roba a hankali, ta bushe, ta rabu da wayoyin ɗamara, kuma zafi yana gaggauta wannan aiki. Bayan da aka janye tayoyin Firestone miliyan 6.5 daga kasuwar Amurka a watan Agusta 2000, an lura cewa yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku, kuma da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta tashi nazarin tsufan taya, birnin Phoenix da ke cikin hamada ta zaɓa. Wanda ya san Tawa ko Yamai a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Abin takaici shi ne motar da aka fi so ita ta fi shiga wannan haɗari. Tasi tana cinye tayarta cikin shekara guda ko biyu, ba ta ba ta damar tsufa. Motar gado da ake fitarwa ranar salla ko ɗaurin aure kuwa, tayarta na nan da zane kamar sabuwa, ciki ya mutu.

Inda ake samu

An yi zamanin da tayar Fijo ba ta da nisa da Maraɗi. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop a Ikeja ta Legas, dukansu tun farkon shekarun 1960. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina ƙera taya a 2008, saboda tsadar wutar lantarki da gogayyar tayoyin da ake shigowa da su. Gurbin da suka bari sababbin tayoyin Asiya ne suka cike shi, tare da tayoyin hannu da Turai ta gama da su. Waɗannan na ƙarshe su ne mafi araha, kuma araha ba ta ado: an yi su ne don motocin Turai na yanzu, wato masu gajeren gefe, wasunsu ma na lokacin ƙanƙara ne masu laushin roba, kuma shekarunsu sun riga sun ja kafin su hau jirgin ruwa.

A Turai da Amurka sha'awar tsofaffin motoci ta haifar da kasuwa ta musamman. Michelin yana sake ƙera X da XAS da TRX har da masu girman 400, Pirelli yana sake fitar da Cinturato, kamfanin Coker na Chattanooga kuma ya tara tsofaffin tukwanen zubi na masana'antun da suka bar aikin. Siffa ta da ce, roba ta yau ce, kuma wannan ita ce amsa mafi aminci ga tarihi da ga rai baki ɗaya. Sai dai tana da tsada, ga kuɗin jigila. Tsakanin wannan da tayar hannu akwai hanya ta uku. Girman 165/80 R 15 bai mutu ba, albarkacin Volkswagen mai ƙirar kunkuru da aka ci gaba da ƙerawa a Meziko har 2003 kuma masu ita ke neman irinta. Ita ce tayar 404 da sabon suna. Haka nan 175/80 R 14 ita ce ta 504. Ga doguwar 504 da a-kori-kura da har yanzu ke neman abinci a hanya, tayoyin ƙananan bas masu harafin C, irin 185 R 14 C, suna da tsayin da ake so da ƙarfin da ya wuce buƙata. Gefensu ne mai tauri, mota za ta riƙa bugu in babu kaya. Ga motar aiki wannan ciniki ne mai kyau. Ga ƙaramar 504 da ake adanawa don a ji yadda take tafiya a 1970, ɓata ta ne.

Tayar da aka cire kuwa ba ta rasa aiki. Wata ta koma ƙafar amalanke, inda gudun jaki ba ya tara mata zafi. Wata a yanka ta a yi takalmin da makiyayi zai shekara da shi bisa ƙaya. Robar ciki ta zama guga a bakin rijiya ko igiyar ɗaure kaya. Wadda ake mantawa ita ce ta biyar, wato safaya, ko sekur a bakin direbobin Nijar. A ƙaramar 504 tana rataye ne a ƙarƙashin mota ta baya, inda ido ba ya kai, tana shan ƙura da zafin kwalta shekara da shekaru. Mai mota yakan sayi huɗu sababbi ya bar ta, tun da zanenta bai taɓu ba. In aka sauko da ita aka goge gefenta, ba abin mamaki ba ne a tarar lambobin da ke bayan DOT guda uku ne.